Sunana a Bakin Inna

Ni ce 'yar fari a ɗakin Inna, don haka na girma ba ni da suna a bakinta. In tana son in miƙo mata ludayi sai ta ce "ke". In tana ba wani labarina sai ta ce "waccan". Da na yi aure na koma Birnin Kebbi kuma sai aka yi mini ƙarin girma, na zama "ta Birni". Ana yaye ni aka kai ni Gulma wurin kakata, can na yi wayo, kuma ko da na dawo Argungu saboda makaranta, Inna ba ta taɓa dubana ido cikin ido ta tambaye ni ko na ci abinci ba. Sai dai in tarar da kwanona a rufe a bakin ƙofa, an cika shi fiye da na kowa. Mutane suna yaba wannan, suna cewa kunyar ɗan fari ce, kuma Inna ta iya ta. Ni ma na yaba, da baki. A cikina kuwa abin ya daɗe yana ci mini rai, kuma har yau da furfura ta fara fito mini ban daina jin haushinsa ba.

Autanmu kuwa, sunansa har kajin gidan sun haddace shi. Da shi ake tashi, da shi ake wuni. In ya yi tari a kira shi, in ya yi shiru a kira shi a ji ko lafiya. Ba na ƙinsa, ni na goya shi, amma ƙarya nake in na ce ban taɓa tsayawa a bayan ɗaki ina sauraron yadda Inna take jan ƙarshen sunan nan ba.

Ina koyarwa a wata makarantar 'yan mata a Birni lokacin da na koma ƙaro karatu, aka ce kowa ya yi bincike a kan wata sana'a. Na zaɓi gumin shinkafa, domin da shi Inna ta rufa mana asiri: ta jiƙa shanshera, wato shinkafa mai ƙaiƙayi, ta turara ta a tukunya, ta shanya, a kai inji, ta auna wa 'yan kasuwa. Na ɗauki kwamfutata, 'yar laftof ta hannu da na saya, na hau mota zuwa Argungu don in naɗi bayaninta. Na kife turmi a tsakar gida na ɗora na'urar a kai. Ƙanwar Inna, wadda muke kira Inna Ƙarama, tana gefe tana taya ta juya shinkafar da aka baza a kan tabarma. Inna ta yi bayani a taƙaice, tana kallon tukunya, kamar da tukunyar take magana. Ana cikin haka maƙwabciya ta aiko a kira ni in karanta mata takardar asibiti, na tashi na fita, na manta ban tsayar da naɗin ba.

Sai da na koma Birni ina kwafe bayanin a takarda na ji sauran. Bayan takun fitata akwai ƙarar tsintsiya, akwai kukan akuya, sannan muryar Inna Ƙarama tana cewa, "Ɗiyar ga taki dai ba ta gajiya da boko."

Inna ta ɗan yi dariya, ta ce, "Wance ai ba ta san hutu ba. Tun tana ƙarama haka take, in tas sa kanta abu sai ta ga ƙarshenai. Ni dai in Wance tash shigo gidan ga, har ciwon ƙahwan nan saki na shikai. Allah shi yi mata albarka."

Inda na rubuta Wance ɗin nan, sunana ta faɗa, na yanka, har sau biyu. Ashe ta iya shi. Ashe ma tana da yadda take jan ƙarshensa, ba irin na auta ba, nawa daban. Na zauna a bakin gado da abin sauraro a kunne na yi kuka har 'yata ta leƙo ta tambaye ni wa ya mutu.

Masu wayo bayan an gama ɓarna sun sha tambayata me ya sa ban tura a waya ba, me ya sa ban kwafa a wuri biyu ko uku ba. A gidanmu waya ba ta mutum ɗaya ba ce. Yara su ɗauka su yi wasa, ƙannen miji su ara su tura waƙa, filashi kuwa yawo yake daga hannu zuwa hannu a ɗakin malamai. Matar da ta riƙe kunyarta tun tana amarya har ta tsufa, ni zan sa a ji ta a wayoyin mutane tana kiran 'yar farinta? Abin da na yi shi ne na ɓoye muryar a inda na tabbata babu mai leƙawa. Na sa ta a cikin wata jakar kwamfuta mai suna "Tsofaffin Jarrabawa", a ƙarƙashin tambayoyin shekarun baya da ko ni ba na buɗewa. Ko maigidana ban gaya wa ba.

Da Inna ta rasu, a wata damina da ruwa ya cinye fadama, kowa ya samu abin riƙewa. Wata ta ɗauki zanenta, wata tasbaha, auta ya ɗauki 'yar rediyonta. Ni na ce ba na son komai, har aka yi ta yaba haƙurina. Ba su san abin da nake da shi ba. In na dawo daga makaranta da rana, kafin yara su shigo, sai in turo ƙofa in kunna. Ba kullum ba, don ina tsoron kada in saba da shi ya zama kamar kowace magana.

A bazarar da ta wuce kwamfutar ta fara iskanci. Ina tsakiyar shigar da makin ɗalibai sai allon ya koma shuɗi, da rubutun da ban gane ba, ta mutu ta taso da kanta. Na ce zafi ne, don a Birni lokacin bazara ko ƙarfen gado ba ya taɓuwa. Na ɗora ta a kan murfin tukunya biyu don iska ta shiga ƙarƙashinta, na juyo mata fanka. Ta yi kwana biyu lafiya, ta sake. Daga nan ta fara wata 'yar ƙara daga ciki, ƙas, ƙas, kamar ɓera a cikin kwali. Batirinta dama ya daɗe da mutuwa, sai da wuta take aiki, ga wutar tamu da ba ta sallama in za ta tafi. Ranar da abin ya ƙare, an ɗauke wuta tana kunne, da aka dawo da ita na danna, sai wasu ɗigo-ɗigo suka yi ta zagaye a allon. Na yi girki na gama, na yi sallar la'asar, suna nan suna zagaye.

Auta yanzu magidanci ne, da gemunsa da 'ya'yansa, yana da shagon gyaran waya da kwamfuta a bakin kasuwa. Ina da ƙane mai wannan sana'a, in kai wa bare? Da ya ji, sai an yi shekara ana sasanta mu. Na naɗe ta a ɗankwali na hau keke-napep na same shi, shagon cike da samari masu jiran a zuba musu finafinai a waya, janareta yana ta hayaƙi a bakin ƙofa.

Ya kunna, ya kara kunne, ya ce, "Yaya, windo ɗinta na yal lalace. Sabo za a sa mata, aikin yini guda na."

Na ce, "Ni dai kada ka goge mini komi. Komi, ka jiya?"

"Haba Yaya, yau nif fara? Sai na kwashe miki kayanki tukuna. Akwai wani abu na musamman ciki?"

Samari kusan goma suna kallona, ɗaya ma tsohon ɗalibin maigidana ne. Na ce, "Duk abin da ac ciki na musamman na." Ya yi dariya ya ce haka kowa yake faɗa.

Aikin yini guda ya zama mako. Kullum in na tashi daga makaranta sai na biya, in zauna a kan benci ina kallo. Zai soka filashi, ya danna wasu maɓallai, allon ya nuna ana zuba sabon windo, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, lamba tana hawa a hankali. Ta haura rabi sai ta tsaya cak, can sai wani akwati ya fito yana cewa an kasa. Ya ce filashin ne, ya canza wani. Ya ce windon da ya sauke ne bai cika ba, ya aro na maƙwabcinsa. Ya kwance bayanta ya hure ƙura, ya zare wani ɗan siririn abu da ya kira ram, ya goge shi da gefen rigarsa ya mayar. Ya shiga wani shuɗin wuri da ya ce sunansa bayos, ya juya wannan ya juya wancan. Kowane karo sai lambar ta hau ta hau, ni ma zuciyata ta bi ta, ta zo daidai wurin nan ta tsaya. Ƙarar nan kuwa tana nan, ƙas, ƙas, na ce masa ko ita ce matsalar, ya ce fanka ce kawai.

Ran nan na zo na tarar da shi yana fara'a. Ya ce ya gano bakin zaren, faifan ajiyar ne ya cukurkuɗe, don haka ya share shi tas ya sake raba shi, yanzu kam dole ta karɓa.

Na ce, "Kas share mi?"

"Kwantar da hankalinki, Yaya. Ga kayanki nan, tun ranar farko nik kwashe su."

Ya miƙo mini filashi, ya soka a tasa kwamfutar ya buɗe mini. Ga makin ɗalibai, ga hotunan sunan 'yata, ga binciken gumi da na rubuta. Na duba daga sama zuwa ƙasa, na sake dubawa daga ƙasa zuwa sama. Jakar nan ba ta ciki.

"Ina Tsohhin Jarrabawa?"

"Wanga tarkace? Filashin bai da wuri, kuma na buɗa na gani, tambayoyin shekarun da sunka wuce na, har da na tsohuwar manhaja. Mi za ki yi da su?"

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na faɗa masa maganganun da ban taɓa faɗa wa wani ɗan Inna ba, a gaban yaran kasuwa. Na ce na ce masa komai, ko komai ɗin ma sai an fassara masa? Na ce tun yana yaro haka yake, abin da ya ga dama shi ne daidai, don an saba masa duk abin da ya taɓa sai a ce madalla. Ya tsaya baki buɗe yana kallon yayarsa tana ta faɗa a kan tambayoyin jarrabawa. Muna cikin haka lambar da ke hawa a allon kwamfutata ta zo wurinta na kullum ta tsaya, akwatin nan ya sake fitowa. Wannan ne ya fi ƙona mini rai. An share, kuma sharewar ba ta gyara komai ba, don faifan ne da kansa yake mutuwa, shi ne mai ƙarar da aka ce mini fanka ce.

Da shagon ya watse na ce masa akwai muryar Inna a ciki. Iyakar abin da na iya faɗa ke nan. Sai ga shi ya zauna a ƙasa ya dafe kai. In don gaskiya, ya yi ƙoƙari bayan nan. Ya ciro faifan ya haɗa shi da wata kwamfuta, ya sa wata manhajar tono abin da aka goge, ya hana kowa taɓa teburin, ya bar janareta yana ci ba ya kashewa. Ya gaya mini da bakinsa cewa duk zubin da ya yi ta maimaitawa bayan sharewar, a kan tsofaffin kayan yake sauka yana danne su. Abin da ya fito tarkace ne: rabin hoto, takardu marasa kai, da tambayoyin jarrabawa lafiya lau, waɗannan kam ko ɗaya bai yi ciwon kai ba.

Sai ya kira ni wata ranar Asabar da hantsi, ya ce in zo an samu. Ko mayafin kirki ban tsaya nema ba. Ya sa mini kujera, ya ƙara sauti, ya danna.

Muryar Inna ta cika shagon. "An kunna? To." Sai ta ɗaga murya ta kira sunan auta, ta ja ƙarshensa yadda ta saba, ta ce ya zo ya kore akuyar nan kafin ta shiga shanya. Ta fara bayanin yadda ake jiƙa shinkafa ta kwana a ruwa. Ta kai inda ake ɗora tukunya, sai muryar ta kakkarye, ta koma wani shuuu, ta yanke. Na ce ya matsa gaba. Ya ce babu gaba, nan ne ƙarshen abin da ya tsira.

Auta yana kuka kamar ƙaramin yaro, hawaye har cikin gemu. Ya kama hannuna ya ce, "Yaya, ashe abin da kib ɓoye mani ke nan. Ashe don ni kika ta hwaɗa. Allah shi saka miki." Kafin la'asar ya tura wa duk 'yan ɗakinmu, har da na Legas, kowa yana ta kirana yana sa mini albarka.

Na daure kwana biyu, na uku na ce masa akwai sauran magana a gaba, inda Inna ta ambaci sunana. Ya dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda zazzaɓi ya taɓa wa kai. Ya ce, "Inna? Haba Yaya. Inna da ko a gadon asibiti ba ta yi ba?"

Saura mutum ɗaya a duniya da ta ji da kunnenta. Ranar Juma'a na hau mota zuwa Argungu, muka bi ta gefen fadama ana ta yankan shinkafar rani, ban ko iya kallo ba. Na tarar da Inna Ƙarama a ƙofar ɗakinta tana tsince shinkafa a faifai, idonta ya yi rauni amma hannunta bai manta ba. Muka gaisa, ta tambayi yara da maigida, ta sa aka kawo mini fura. Na yi ta kewaye-kewaye, daga baya na fito fili. Na tuna mata ranar da na kife turmi, da fitar da na yi, da abin da ta ce a kan boko, da amsar da aka ba ta. Ba wani abu nake nema ba, so nake kawai wani ya ce mini e, an yi haka.

Hannunta ya tsaya a cikin faifan. Na ga ta tuna, wallahi na gani a fuskarta. Sannan ta ci gaba da tsintarta, ta ce, "Ke, ki ji tsoron Allah. Yayata ɗiyar mutunci ta. Ta yi zamanta da kunyarta, ta tahi da abinta, ba a taɓa jin ta da wanga ba. Kada ki ɗora mata abin da za a riƙa hwaɗi bayan ranta."

Na ce, "Inna Ƙarama, ke fa kina wurin."

Ta ce, "Sha hurarki tana tsami."

Na sha, don ba a mayar da furar tsohuwa. Na yi mata sallama na fito. Ban yi kuka a mota ba, haushi ne ya cika ni, kuma na rasa wanda zan ba shi. Auta ya yi abin da kowane mai gyara yake yi. Inna Ƙarama ta tsare wa yayarta abin da ta tsare wa kanta tsawon rai. Kowa ya yi daidai, ni ce dai na tashi babu komai.

Auta ya sa wa kwamfutar sabon faifai, windo ya hau a zubi ɗaya, ko gardama babu. Ya kawo mini ita har gida a goge tas, ya ce yanzu ta fi da sauri, kuma gaskiyarsa ne. A tsakiyar allon ya ajiye mini guntun muryar nan don kada in sha wahalar nema, ya ce ya kuma kwafa a wuri uku saboda tsaro.

Da farko ina iya jiyo yadda ta faɗi sunana in na rufe ido. Yanzu ya fara gudu. In na gwada a raina sai in ji muryata ce, ko ta kakata ta Gulma, ko kuma jan ƙarshen ya koma irin na auta. Wani lokaci da rana kafin yara su dawo nakan turo ƙofa in kunna guntun, in saurari Inna tana kiran ƙanena ya kore akuya, in bi ta har inda ake ɗora tukunya. In ta yanke sai in zauna da abin sauraro a kunne ina jira.